Yafiya a Rayuwar Mai Bi: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan tasowa a ajin nazarin Littafi Mai Tsarki, da taron zumuntar mata, da kuma bayan an tashi sujada, lokacin da mutum yakan ja malami gefe ya ce, "Ina da 'yar magana." Wasu an amsa su a taƙaice, wasu kuwa sai da aka baje su, gwargwadon nauyinsu.

Me ya sa ake yawan nanata maganar yafiya a Kiristanci?

Domin a kanta aka kafa bangaskiyar gaba ɗaya. Kirista mutum ne da ya yarda Allah yana binsa bashin da ba zai taɓa iya biya ba, sai Allah ya yafe masa ta wurin mutuwar Yesu Almasihu da tashinsa. Wanda ya shigo ta wannan ƙofa ba shi da bakin cewa shi ba ya yafewa. Abin da Bulus ya gaya wa Afisawa ke nan (4:32), su yafe wa juna kamar yadda Allah ya yafe musu a cikin Almasihu.

Ga kuma Addu'ar Ubangiji da yaranmu suke haddacewa tun a makarantar Lahadi. A cikinta akwai roƙon abinci, da na zuwan Mulki, da na tsari daga Mugun. Amma da Yesu ya gama koyar da ita, roƙo ɗaya kaɗai ya koma ya ƙara wa bayani, wato na gafara (Matiyu 6:14-15): in kun yafe wa mutane, Ubanku zai yafe muku, in kun ƙi, shi ma ba zai yafe muku ba. Duk ranar da ka miƙe cikin taro ka ce a gafarta maka kamar yadda kake gafartawa, kai da bakinka kake miƙa wa Allah mudun da zai auna maka.

Ke nan da yafiyata nake sayen gafarar Allah?

A'a. Dubi yadda abin ya jeru a misalin bawan nan na Matiyu 18:23-35. Sarki ne ya fara yafewa, tun bawan bai yi wani abin kirki ba. Bashin da ke kansa talanti 10,000 ne. Talanti ɗaya ya kai wajen dinari 6,000, dinari ɗaya kuwa ladan lebura ne na yini guda. In ka yi lissafi za ka samu ladan kwana miliyan 60. Da bawan ya durƙusa yana cewa a ba shi lokaci zai biya duka, masu sauraron Yesu sun san zancen wofi yake yi. Sarki ya ji tausayinsa, ya soke bashin.

Fitarsa ke da wuya ya yi kiciɓis da abokin bautarsa da yake bi dinari 100, ya shaƙe masa wuya. A lura, dinari 100 ba kuɗin goro ba ne, ladan aikin wata uku ne da 'yan kwanaki. Yesu bai ce abin da aka yi maka ƙarami ne ba. Cewa ya yi ka ajiye shi kusa da wanda aka yafe maka, ka duba. Ƙin yafiyar bawan shi ya tona cewa alherin sarki bai taɓa shiga zuciyarsa ba.

Sau nawa zan yafe wa mutum ɗaya?

Bitrus ya yi wannan tambaya, ya ma kawo amsarsa da kansa: sau bakwai, yana ganin ya yi bajinta. Yesu ya ce bakwai sau saba'in, wasu juyi kuma sun ce sau 77. Ko wanne ka ɗauka, nufin ɗaya ne, a daina ƙirge. A Farawa 4:24 Lamek ya yi alfahari cewa za a rama masa sau 77. Yesu ya ɗauki lissafin ramuwa ya mayar da shi na yafiya.

Idan na yafe, dole ne in manta?

Ba a umarce ka da mantuwa ba, ba kuwa abu ne da mutum yake yi da gangan ba. Yusufu bai manta da rijiyar da 'yan'uwansa suka jefa shi ba. Yakubu ya yi shekara 17 a Masar kafin ya rasu, amma ana gama binne shi sai tsoro ya kama 'yan'uwan, suka ce yanzu ne Yusufu zai rama. Da suka zo gabansa bai ce musu "ai ba komai" ba. Ya tambaye su ko shi a matsayin Allah yake, sannan ya faɗa musu ƙiri-ƙiri cewa sun nufe shi da mugunta, amma Allah ya nufe shi da alheri. Ya kuma yi alkawarin ciyar da su da 'ya'yansu (Farawa 50:15-21).

Abin da yafiya take hana ka shi ne mai da tunawa makami: tono maganar duk lokacin da aka saɓa, da yaɗa ta a unguwa, da cusa ta a zuciyar 'ya'yanka har su tashi suna gaba da 'ya'yan wanda ba su san me ya yi ba. Akwai gidajen da jikoki ba sa gaisawa saboda iyakar gona da kakanni suka yi rigima a kai, alhali kakannin sun daɗe a kabari.

Wanda ya cuce ni bai nemi gafara ba, yana ma yawo yana taƙama. Shi ma in yafe masa?

Nan malamai sun rabu, kowane ɓangare kuma da ayarsa. Wasu suna riƙe da Luka 17:3, inda aka ce in ɗan'uwanka ya yi laifi ka tsawata masa, in ya tuba ka yafe masa. Suna cewa ko Allah ma sai an tuba yake gafartawa. Wasu kuwa suna kawo Markus 11:25, inda Yesu ya ce in ka tsaya addu'a kana riƙe da wani a zuci ka yafe masa, ba a kuwa ambaci tuban mutumin ba. Suna ƙarawa da addu'ar Yesu a kan gicciye saboda masu kashe shi, da ta Istifanus lokacin da ake jifansa.

A ganina ayoyin ba sa karo da juna, abubuwa biyu ne daban ake magana a kai. Na farko tsakaninka da Allah ne: ka sauke niyyar ramuwa, ka daina yi masa fatan sharri. Wannan ba ya jiran kowa. Na biyu shi ne sulhu, a koma a zauna a ci a kwano ɗaya, shi kuwa sai da mutum biyu. Shi ya sa Bulus ya ce a zauna lafiya da kowa in mai yiwuwa ne, iyakar abin da ke hannunku (Romawa 12:18). Ya san akwai inda ba zai yiwu ba.

Kar kuma a tsallake rabin farko na ayar Luka. Tsawatarwa umarni ce. Mu mun fi son mu yi shiru, mu ce mun bar wa Allah, sannan mu yi shekaru muna gaisuwar fatar baki.

Yafiya tana nufin in sake amincewa da shi kamar dā?

Ba haka ba ne. Yafiya kyauta ake bayar da ita, amana kuwa sai an sake gina ta a hankali. A ce uwar adashi a zumuntar mata ta cinye kuɗin kwasa, ta zo tana kuka ta roƙi gafara. Ya wajaba a yafe mata, a ci gaba da zama da ita a benci ɗaya, a je mata barka da ta'aziyya. Amma babu ayar da ta ce a sake danƙa mata jakar kuɗi a watan gobe. Yin haka ma jefa ta cikin jaraba ne.

Dawuda ya sami damar kashe Saul har sau biyu, bai taɓa shi ba. A karo na farko Saul ya yi kuka ya ce Dawuda ya fi shi gaskiya, a na biyu ya ce ya yi zunubi, ya roƙe shi ya dawo. Dawuda bai koma fada ba, ya wuce ƙasar Filistiyawa (1 Sama'ila 24 zuwa 27). Yusufu ma sai da ya gwada 'yan'uwansa da ƙoƙon azurfa a buhun Biliyaminu, ya ga ko za su sake sayar da ƙaninsu don su tsira, kafin ya bayyana kansa.

Wannan ya shafi matar da mijinta yake duka. Sau da yawa ana kai magana gaban dattawa, mijin ya sunkuyar da kai ya ce sharrin Shaiɗan ne, a juya wajen matar a ce, "Ke kuma ki yi haƙuri, ki yafe, ki koma ɗakinki." A tashi taro da addu'a, kowa ya tafi gida yana ganin an yi aikin Allah, ita kuwa ta koma da kumburarren ido. 'Yar'uwa, kina iya yafe masa daga gidan iyayenki. Komawa sai an ga canji na gaske, an kuma tabbatar ranki da na yaranki ba sa cikin haɗari. Dattawan da suka iya matsa wa wadda aka cuta amma suka kasa tsawata wa mai cutar, su ma suna da abin tuba.

Zan iya yafe wa mutum kuma in kai shi ƙara?

Za ka iya. Romawa 12:19 ta hana ka ɗaukar fansa da hannunka. 'Yan ayoyi kaɗan a gaba, a 13:4, aka ce mai mulki ma'aikacin Allah ne da aka ba ikon hukunta mai mugun aiki. Abin da aka karɓe daga hannunka an sa shi a hannun hukuma.

Ran 13 ga Mayu 1981 wani Baturke mai suna Mehmet Ali Agca ya harbi Paparoma John Paul na Biyu a dandalin Saint Peter da ke Vatican. Paparoman yana kwance a asibiti ya sanar cewa ya yafe masa, a watan Disamba 1983 kuma ya je har kurkukun Rebibbia a birnin Rum ya zauna da shi. Duk da haka mutumin ya ci gaba da zaman kaso a Italiya har shekarar 2000, lokacin da shugaban ƙasar ya yi masa afuwa, aka mayar da shi Turkiyya inda wani ɗaurin yake jiransa.

Abin da Bulus ya tsawata wa Korantiyawa a kai (1 Korantiyawa 6) shi ne jan juna kotu kan al'amuran yau da kullum da ikkilisiya za ta iya sasantawa. Rikicin kuɗin haya ko na iyakar fili, a fara da dattawa. Amma fyaɗe, ko lalata yaro, ko kisan kai, ba maganar rufa-rufa ba ce. Wanda ya ce a rufe don kada sunan coci ya ɓaci, ya ba mai laifin damar taɓa ɗan wani ke nan.

Ya halatta Kirista ya ce "Allah ya isa"?

Ya danganta da abin da ke bayan kalmar. In nufinka shi ne, "Na cire hannuna, shari'a ta Allah ce," to ba ka kauce wa Nassi ba, haka aka ce Yesu ya yi, ya danƙa al'amarinsa ga mai shari'ar gaskiya (1 Bitrus 2:23). Amma mu faɗi gaskiya, yawancin lokaci in muka furta ta, tsinuwa ce, muna zuba ido mu ji mutumin ya yi hatsari ko shagonsa ya ƙone mu ce alhaki ne. Ga hanyar gwada kanka: in Allah ya zaɓi ya shiryar da shi ya tuba maimakon ya hallaka shi, za ka ji daɗi? Yunusa bai ji ba. Da Allah ya ji tausayin Nineba sai ya fusata har ya ce gara ya mutu.

An kashe mana mutane, an ƙone mana gida da majami'a. Da wane baki za a ce mu yafe?

Wannan ita ce mafi nauyi, wanda bai taɓa binne nasa ba kuwa ya kamata ya sassauta murya in zai amsa ta. Littafin Zabura cike yake da kukan mutanen da aka zalunta, wasu da kalmomi masu zafin gaske, kamar Zabura 137. Allah bai goge su daga Littafinsa ba. Babu laifi mutum ya kai fushinsa gaban Allah yadda yake. Laifin masu wa'azi ne in suka tsaya a bakin kabari, ƙasa ba ta ko bushe ba, suna neman gwauruwa ta ce ta yafe don a ji daɗin rufe taro.

Amma umarnin yana nan, akwai kuma waɗanda suka bi shi a ƙasar nan. Fasto James Wuye ya rasa hannunsa na dama a rikicin 1992 da ya taso daga Zangon Kataf ya bazu zuwa Kaduna. Imam Muhammad Ashafa, wanda yake ɗaya ɓangaren, ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 aka haɗa su, daga baya suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinan biyu a Kaduna, suka yi aikin sulhu a wurare irin su Yelwan Shendam a jihar Filato. Abin da ya fi jan hankalina a labarin shi ne Wuye bai ɓoye ba cewa ya yi shekaru suna aiki tare yana riƙe da ƙiyayyar Ashafa a zuci. Ba dare ɗaya abin ya sauka ba.

Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, EYN, wadda aka dasa a Garkida a 1923, tana cikin ikkilisiyoyin da suka fi shan wuya a hannun Boko Haram. Yawancin 'yan matan Chibok 'ya'yanta ne, a Oktoba 2014 kuma aka mamaye hedkwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi. Duk da haka ba ta sauya koyarwarta ta ƙin ramuwa ba. Yin hakan bai hana neman a hukunta masu laifi ko a tsare ƙauyuka ba. Abin da yake hanawa shi ne a tare hanya a huce a kan matafiyin da bai san hawa ba bai san sauka ba, don kawai sunansa ya yi kama da na waɗanda suka kawo hari.

Na ce na yafe, amma in na gan shi sai zuciyata ta tafasa. Ƙarya na yi?

Ba lalle ba. Yafiya shawara ce da ka yanke, zuciya kuwa takan biyo baya da jinkiri. Duba ayyukanka: kana ɓata masa suna? Kana toshe masa hanyar alheri? In ba ka yi, ka ci gaba, duk lokacin da abin ya taso ka sake sauke shi. Ka riƙa ambatar sunansa a addu'a kana roƙa masa alheri, kamar yadda Matiyu 5:44 ta ce. Da farko bakinka zai yi nauyi. In kuwa abin ya kai ga hana barci, ko firgita, ko yawan mafarkin abin da ya faru, wannan rauni ne da ke bukatar likita ko mai ba da shawara, ba alamar ƙarancin bangaskiya ba ce.

Ni ne mai laifin. Yaya zan nemi gafara?

Abin mamaki ne yadda wa'azin yafiya kusan kullum yake fuskantar wanda aka cuta, alhali Yesu ya yi wa mai laifi magana kai tsaye. In ka kawo baikonka ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka ajiye baikon, ka je ku shirya tukuna (Matiyu 5:23-24). Kai za ka taka ka je, ba aike za ka yi ba, ba kuma saƙon WhatsApp na ƙarshen shekara da ake tura wa kowa da kowa ba, mai cewa duk wanda na ɓata wa ya yafe ni.

Ka kira laifin da sunansa. "In na yi miki wani abu ki yi haƙuri" ba neman gafara ba ne, mai faɗar haka bai yarda ya yi komai ba. Ka ce, "Yaya, ni na faɗi maganar nan a kanki, ƙarya ce kuwa, zan koma wajen waɗanda na gaya wa in warware." Sannan ka mayar da abin da ka ci. Zakka bai tsaya ga baki ba, ya ce duk wanda ya zambata zai mayar masa ninki huɗu (Luka 19:8). Ko a Afirka ta Kudu, hukumar gaskiya da sulhu da Akbishop Desmond Tutu ya jagoranta, wadda ta fara zama a 1996, ɗaya daga cikin sharuɗɗanta na afuwa shi ne mutum ya fayyace duk abin da ya aikata. Fiye da mutum 7,000 suka nema, yawancinsu ba su samu ba.

Bayan haka, kar ka tsare mutum da ayoyi kana neman ya amsa nan take. Roƙo ka zo yi, ba bin bashi ba.

Zan iya cin Jibin Ubangiji ina gaba da wani?

Bulus ya ce kowa ya auna kansa kafin ya ci (1 Korantiyawa 11:28). In kana kokawa da zuciyarka kana son ka yafe, ka zo, don irinka aka shimfiɗa teburin. In kuwa ka ƙudura cewa har abada ba kai ba shi, ka je ka ga fasto tukuna. Abin da bai dace ba shi ne dabarar da wasu suke yi, da an fara rabon gurasa sai su sulale waje kamar za su zagaya, wata da watanni, su gwammace su rasa Jibi da su gaisa da ɗan'uwansu.

In Allah ya gafarta, me ya sa ikkilisiya take sa mutum a horo?

Gafara ba ta share sakamako. Natan ya gaya wa Dawuda cewa Ubangiji ya kawar da zunubinsa, duk da haka gidansa bai rabu da takobi ba (2 Sama'ila 12). Manufar horo ita ce a maido da mutum. Shi ya sa Bulus ya rubuta wa Korantiyawa game da wani da aka hukunta cewa ya isa haka, su yafe masa su ƙarfafa shi, kada baƙin ciki ya haɗiye shi (2 Korantiyawa 2:6-8). Inda muke kuskure shi ne horon da ba shi da ranar ƙarewa a idon jama'a, da kuma wanda yake zaɓen mutane: yarinyar da ciki ya bayyana a jikinta tana bencin baya, wanda ya yi mata cikin yana gaba yana kaɗa ganga.

Wanda nake riƙe da shi ya rasu. Ko kuma wanda na cuta ya rasu ban nemi gafararsa ba. Me ya rage?

In kai aka cuta, sashenka bai rufe ba, domin tun asali tsakaninka da Allah ne. Ka faɗa a addu'a abin da ya yi maka, ka sauke, kar kuma ka ɗora wa 'ya'yansa.

In kai ne mai laifin, ka furta wa Allah, alkawarin 1 Yahaya 1:9 bai ware irin wannan ba. Ɗan Katolika zai kai shi gaban Fada a ikirari, na sauran ikkilisiyoyi kuwa yana iya samun fasto ko wani dattijo mai riƙon asiri, kamar yadda Yakubu 5:16 ta ƙarfafa. Sannan ka duba abin da za a iya gyarawa. In kuɗi ne ko fili, magada suna nan, ka kai musu haƙƙinsu a gaban shaidu. In sunansa ka ɓata, ka wanke shi wajen waɗanda suka ji daga bakinka. In ya bar marayu, ka tambayi uwarsu yadda ake ciki da kuɗin makaranta.